Filin tambaya da amsa: da wane taku zan buɗe wasan ces?

Wasiƙun da suka taru a wannan karon kusan duk a kan abu guda suke, wato buɗin wasa, takun farko goma ko sha biyar ɗin nan da ke hana 'yan gasa barci. Na zaɓi shida daga ciki. Kafin mu shiga, ga sunayen da nake kiran 'ya'yan allo da su don kada mu ruɗe: sarki, sarauniya, hasumiya, doki, soja, sai giwa, mai tafiya a karkace. Turawan Ingila limamin coci suke ce mata, amma Larabawa da Rashawa giwa suke kiranta, ni ma haka bakina ya saba. Gidajen allo kuwa da harafi da lamba ake kiransu, a zuwa h daga hagun mai fari, 1 zuwa 8 daga gabansa. Wanda ke da allo kusa ya jawo shi, don akwai wuraren da sai an taɓa da hannu.

Tambaya: Malam, na shiga gasata ta farko, zagaye biyar. Wata guda na yi ina haddace Kariyar Sisiliya, reshen Najdorf, har taku goma sha biyar. Sau biyu na riƙe baƙi, kuma a duka biyun abokin karawata ya tura soja c3 a taku na biyu, abin da babu shi a haddata. Na ci gaba da takun da na sani, aka lallasa ni. Ko in ƙara hadda? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Ɗana, sannu da ƙoƙari, amma kada ka ƙara ko layi ɗaya tukuna. Kai ka haddace amsoshi, shi kuma bai yi maka tambayoyin ba.

Bari mu duba abin da ya faru. Idan mai fari ya tura soja e4 ka amsa da c5, manufarka ita ce idan ya turo sojansa na d4 ka cinye shi da sojan gefe, ka bar shi da sojan tsakiya ɗaya kai kana da biyu. Shi kuma abin da yake samu shi ne fili da saurin fito da mayaƙa. Cinikin Sisiliya ke nan gaba ɗayansa. To mutumin da ya buga c3 cewa yake yi bai yarda da wannan cinikin ba: in ka ci d4 zai rama da soja, ya tsaya da sojoji biyu kafaɗa da kafaɗa a tsakiya. Kai kuma ka tsaya kana tura d6 da a6 kamar babu abin da ya canja, ka sakar masa tsakiyar allo kyauta. Alhali c3 ɗin nan yana da aibinsa a fili: ya tare gidan da dokinsa ya fi so. Saboda haka sai ka buga d5 nan take. In ya ci, ka rama da sarauniya, ta zauna a d5 babu dokin da zai fito c3 ya kore ta. Ko kuma ka fito da doki f6 ka taɓa sojansa na e4. Wannan ba ya bukatar haddar wata guda, minti biyu na kallon allo ya isa.

Shi kansa a6 ɗin da ake kira da sunan Miguel Najdorf, ɗan Polan ɗin da yaƙin duniya ya rutsa da shi a Ajantina a 1939 ya zauna can, ba ado ba ne. Yana hana doki da giwar fari sauka a b5, don baƙi ya samu damar tura e5 ba tare da an dame shi ba, kuma yana share wa b5 hanya. In babu dokin fari a d4, rabin dalilin takun ya tafi.

Ni ma na sha irin wannan, har ma tawa ta fi taka ban kunya. A wata gasa, shekarun baya, na zauna gaban wani yaro da ƙafarsa ba ta kai ƙasa daga kan kujera. Na haddace taku goma sha huɗu, ina bugawa ina danna agogo da ƙarfi don ya san da wa yake yi. Sai na buga taku na sha biyu a gurbin na sha ɗaya. Hannuna na sakin dokin na gane, amma doka ce, abin da ka taɓa shi za ka motsa, abin da ka saki ya saku. Yaron ya ɗago ya dube ni, ya gyara zama, ya cinye min giwa. Da na san dalilin kowane taku, da ban juya su ba, don na farkon shi ke tsare gidan da na biyun ke bukata.

Kuma kada ka ɗauka ƙanana kawai abin ke ci. A 2004, a garin Brissago na Suwizalan, Vladimir Kramnik yana kare kambunsa na duniya a hannun Peter Leko ɗan Hangari. A wasa na takwas Leko ya riƙe baƙi ya shiga Harin Marshall, buɗin da baƙi ke ba da soja ɗaya don ya samu kai hari. Kramnik ya yi ta zuba taku kamar ruwa, don duk an shirya masa a gida da kwamfuta, har ya ba da sarauniyarsa ba tare da ya tsaya dogon tunani ba. Leko kuwa lokacinsa na ta zurarewa, yana gumi shi kaɗai a kan allo. A taku na 25 sai ya ajiye sarauniya a d3, nan take lissafin gida ya rushe. Ashe injin da aka tambaya ya ce fari ne a gaba, ba a ba shi isasshen lokacin da zai hango ramin ba. Kramnik ya sha kashi a wasan, sai a wasa na ƙarshe, na 14, ya rama aka tashi 7 da 7 ya tsira da kambunsa da ƙyar.

Abin da zan ba ka shawara: bayan kowane wasa ka ɗauki takardar da ka rubuta takunka, ka nemo gurbin farko da ka rasa abin yi, ka koyi wannan gurbin kaɗai. Taku ɗaya a kowane wasa. A shekara za ka tara abin da ba zai zube ba.

Tambaya: Malam, mu biyu muke gardama da abokina. Ni na ce e4 ya fi, shi ya ce d4. Ka raba mu. Daga wani mai karatu.

Amsa: Ɗan'uwa, gardamar nan ta girme ku, ta girme ni. Idan aka tara wasannin manyan gwanaye, mai fari yakan kwashi tsakanin kashi 52 zuwa 56 cikin ɗari na maki, kuma ratar da ke tsakanin buɗin biyu ba ta kai a ɓata zumunci a kanta ba. Amma akwai bambanci na gaske a yanayin wasan da kowanne ke haifarwa, kuma tushensa abu ne ƙarami: sojan da ya je d4 sarauniya na tsaronsa daga baya, wanda ya je e4 kuwa shi kaɗai yake tsaye. Shi ya sa bayan e4 da e5 ake saurin gwabzawa, layuka su buɗe, sarki ya shiga haɗari da wuri. Bayan d4 da d5 kuwa fari ba zai iya tura e4 kai tsaye ba tare da asara ba, sai ya zagaya ta gefe da c4, abin da ake kira Gambit ɗin Sarauniya.

Sunan gambit ne kawai, wato sadaukar da soja, amma sojan ba ya ciwuwa. Jera wannan a allonka: d4, d5, c4, baƙi ya ci c4, fari e3, baƙi b5 don ya riƙe ganimarsa, fari a4, baƙi c6, fari ya ci b5, baƙi ya rama da sojan c. Yanzu fari ya fito da sarauniya f3. Dubi layin karkace daga f3 har a8: babu komai a kai, hasumiyar baƙi na tsaye tsirara. Dole baƙi ya ba da doki ko giwa don ya cece ta. Taku shida, kwaɗayin soja ɗaya ya ci babban mayaƙi. Masu amsa gambit ɗin da hankali sukan ci sojan ne su mayar da shi, su yi amfani da lokacin wajen fito da kayansu.

Manya ba su ɗauki ɗayan biyun addini ba. Bobby Fischer ya yi kusan duk rayuwarsa yana buɗewa da e4, har yana cewa gwaji ya nuna shi ne mafi kyau. Amma a Reykjavik a 1972, a wasa na shida da Boris Spassky, sai ya tura c4, wasan ya rikiɗe ya koma Gambit ɗin Sarauniya, ya buga shi da kyawun da har Spassky ya bi 'yan kallo wajen tafa masa. Viswanathan Anand ma haka ya yi wa Kramnik a birnin Bon na Jamus a 2008: kowa ya san shi da e4, Kramnik ya yi watanni yana shirin e4, shi kuwa ya zo da d4, ya ci karawar 6½ da 4½. A ɗaya ɓangaren kuma akwai masu naci. Capablanca da Alekhine sun buga wasa 34 a Buenos Aires a 1927, 32 daga ciki duk Gambit ɗin Sarauniya ne da aka ƙi amsa. Ina tausayin 'yan jaridar da aka aika ɗauko rahoto.

In ra'ayina kake so, wanda bai shekara biyu yana wasa ba ya fara da e4. Ba don ya fi ƙarfi ba, sai don kuskure a buɗaɗɗen wasa nan da nan yake bayyana, ka ga abin da ya kashe ka. A rufaffen wasa kana iya mutuwa tun taku na sha biyar, ba za ka sani ba sai na arba'in. Abokinka kuma ka ƙyale shi da d4 ɗinsa, ka samu wanda za ka riƙa gwada kariyarka a kansa.

Tambaya: Malam, ɗana ɗan shekara tara yana cin 'yan ajinsu cikin taku huɗu, da sarauniya da giwa. Mai koyar da su ya hana shi, yaron har kuka ya yi. Me ya sa za a hana yaro abin da ke kawo masa nasara? Daga wata uwa.

Amsa: Hajiya, malamin nan ki riƙe shi da kyau, ya san aikinsa. Abin da ɗanki ke yi sananne ne: e4, sarauniya h5, giwa c4, sai sarauniya ta faɗa f7 sarki ya mutu. Yana ci ne saboda f7 shi ne gidan da sarki kaɗai ke tsaro a farkon wasa, kuma yaran da yake karawa da su ba su lura ba tukuna. Ranar da ya haɗu da wanda kansa ya waye, ga yadda za ta kasance: doki c6 ya tsare e5, soja g6 ya kori sarauniya, ta koma f3 ta sake leƙen f7, doki f6 ya rufe ƙofa. Sarauniyar ta yi taku biyu ba ta samo komai ba, ta kuma zauna a gidan dokinta, baƙi kuwa ya fito da dawakai biyu, giwarsa na shirin hawa g7, dokinsa na hararar d4. Fari bai mutu ba, amma fifikon fara wasa ya tafi a banza.

Babbar illar ba a allo take ba. Yaron da ya saba ci a taku huɗu bai taɓa buga taku na ashirin ba, bai san yadda ake kai soja gidan ƙarshe ya zama sarauniya ba, bai san kashe sarki da hasumiya ɗaya ba. A gasa ta gaske waɗannan ne ke kawo maki. Ki lallashe shi da cewa giwarsa ta c4 daidai take, ya bar ta a nan. Sarauniyar kawai zai mayar gida, ya fito da doki f3 a madadinta. Wannan shi ne Buɗin Italiya, an fi shekara ɗari huɗu ana buga shi, kuma zakarun duniya na yau suna buga shi. Idon da ya iya hango f7 yana ɗan shekara tara ba zai rasa abin gani ba.

Tambaya: Malam, ina bin gasannin manya a intanet, amma abin ya fara gundurata. Sai su zuba taku ashirin cikin minti biyar, su musanya sarauniya, a tashi kunnen doki. Wai tsoro ne ko me? Daga wani dattijo mai sha'awar wasan.

Amsa: Ranka ya daɗe, akwai tsoro a ciki, amma lissafi ya fi yawa, kuma in ana neman ranar da abin ya samo asali sai a koma Landan a shekarar 2000. Garry Kasparov na riƙe da kambu tun 1985, kuma babban makaminsa shi ne shirin gida: ya buɗe da e4, ya jefa ka cikin wutar da ya riga ya auna zafinta. Kramnik ya zauna ya yi tunanin yadda zai raba shi da wutar. Sai ya tono wata tsohuwar kariya da ake ganin ta kwanta dama, Kariyar Balin, a cikin Buɗin Sifen, wanda ke ɗauke da sunan limamin nan Ruy López da ya rubuta littafinsa a 1561.

Ga yadda take: e4, e5, doki f3, doki c6, giwa b5, doki f6. Fari ya ɓoye sarkinsa a lungu, wato takun da sarki da hasumiya ke motsawa tare, baƙi ya ci e4 da doki. Fari d4, dokin ya ja baya d6. Giwa ta ci c6, baƙi ya rama da sojan d. Fari ya ci e5, doki ya tsallaka f5. Sarauniya ta ci sarauniya a d8, sarki ya rama. Taku takwas, babu sarauniya a allo. Kallo ɗaya za ka ce baƙi ya shiga uku: sarkinsa ya motsa, ba shi da sauran damar shiga lungu, sojojinsa biyu sun hau kan juna a layin c, fari kuma na da huɗu a kan uku a ɓangaren sarki. Amma babu sarauniyar da za ta farauci sarkin, baƙi na da giwaye biyu, sojan fari na e5 kuma ya yi gaba da yawa har ya bar fararen gidaje a buɗe. Sau huɗu Kasparov ya yi karo da wannan bango, sau huɗu ana tashi canjaras. A dukan karawar, wasa 15, bai ci ko ɗaya ba. Kramnik ya ci biyu da fari, ya karɓe kambu da 8½ da 6½.

Tun daga nan kowane mai baƙi ya gane cewa ba dole ne ya yi jarumta ba. Da injuna irin su Stockfish suka zo hannun kowa, sai abin ya ƙaru, don duk layin da ke da zafi an bi shi har ƙarshe an ga inda yake hucewa. A Landan a 2018, Magnus Carlsen da Fabiano Caruana sun buga wasa 12 na dogon lokaci, duka 12 kunnen doki, sai a wasannin sauri Carlsen ya ci uku a jere. Sai dai in yi adalci: wasu daga cikin canjaras ɗin nan faɗa ne na gaske, don Carlsen da Sisiliya ya riƙa karewa, ba da bango ba.

Abin da manya ke nema yanzu ba taku mafi kyau ba ne, don wannan kowa ya san shi. Suna neman taku na uku ko na huɗu a jerin injin, wanda bai da illa amma abokin karawa bai duba shi da safe ba. A Dubai a 2021, bayan canjaras biyar, Carlsen ya buɗe wasa na shida da Ian Nepomniachtchi a hankali, d4, doki f3, g3, ba don ya samu fifiko ba sai don a fita daga littafi a yi wasa. Aka yi taku 136, kusan awa takwas, wasa mafi tsawo a tarihin karawar kambun duniya, Carlsen ya ci. Nepomniachtchi bai sake dawowa daidai ba har aka gama.

In hadda ce ta ishe ka, nemi gasannin da ake hargitsa jerin mayaƙan baya kafin a fara. Fischer ne ya gabatar da tsarin a 1996, jeri 960 ne mai yiwuwa, babu mai iya haddace su. Nan za ka ga babban gwani ya dafe kai tun taku na biyu, abin da ni dai yake faranta min rai.

Tambaya: Malam, aiki ba ya barina karatu. Na koma Tsarin Landan, ina buga shi a kan kowa. Abokai na ce min wasan ragwaye ne. Gaskiya ne? Daga wani ma'aikaci.

Amsa: Ɗan'uwa, tsarin ba rago ba ne, amma yana tara ragwaye. Soja d4, giwa f4, soja e3 da c3, dawakai f3 da d2, giwa d3: gini ne mai ƙwari, kuma mai iyali da aiki yana da haƙƙin ya zaɓi abin da zai iya riƙewa. Ding Liren ya buga shi a wasa na shida na karawar kambun duniya a Astana a 2023, ya kuma ci Nepomniachtchi da shi. Wanda ya ce maka ba ya ci, ka tura shi can.

Inda nake da magana shi ne "a kan kowa" ɗin nan, in ma'anarsa kana jera takunka bakwai ba ka kallon abin da ɗayan ke yi. Giwarka na barin c1, sojan b2 ya zama maraya, kuma duk mai baƙin da ya san hannunsa can zai nufa. Gwada wannan: d4, d5, doki f3, doki f6, giwa f4, c5, e3, doki c6, c3, sarauniya b6. Ka tare da sarauniya b3, ya tura c4, ka ja baya c2. Sai ya ajiye giwa a f5, a bakin sarauniyarka, babu mai tsaronta. In ka ci, sarauniyarsa ta faɗa b2, hasumiyarka ta a1 ta tafi. In ba ka ci ba, ka koma c1 kana ƙunƙuni, shi ya fito da kayansa da ribar lokaci. Shi ya sa waɗanda suka san tsarin suke fara fito da giwa, su gaggauta kai doki d2 kafin na f3, don hasumiyar ta samu hanyar zuwa b1 in an taɓa b2. Taku iri ɗaya ne, jerin ne ya bambanta.

Ka ci gaba da Landan ɗinka, amma ka ware yamma biyu: ɗaya don c5 da sarauniya b6, ɗaya don masu kai giwa g7 su tura d6 da e5, waɗanda ke sa giwarka ta f4 ta ciji dutse. Kuma lokaci lokaci, a wasan da ba na gasa ba, ka buga wani abu dabam, don kada idonka ya manta da sauran allon.

Tambaya: Malam, zagayen ƙarshe ne, dole in ci kafin in samu kyauta, kuma abokin karawata ya fi ni maki a jadawalin ƙarfi. In zo masa da baƙon buɗi don in rikita shi? Daga wata 'yar gasa.

Amsa: 'Yar'uwa, na san labarin da ke zuga masu wannan tunani. A 1980, a garin Skara na Suwidin, Tony Miles na Ingila ya zauna gaban Anatoly Karpov, zakaran duniya na lokacin. Karpov ya tura e4, Miles ya amsa da a6, sannan b5, abin da ko a wasan yara ake yi wa dariya, kuma ya ci. Amma Miles babban gwani ne, kuma abin da ya ci wasan shi ne taku arba'in da suka biyo baya. Ke in kika ɗauko buɗin da ba ki taɓa bugawa ba, mutum biyu za ki rikita, kuma wanda ya fi ƙarfi shi zai fara farfaɗowa.

Ga misalin da na fi so ki riƙe. A Sabil ta Sifen a 1987, Kasparov ya shiga wasa na 24, na ƙarshe, Karpov na gabansa da maki ɗaya. In bai ci ba kambu ya tafi. Kowa ya zaci zai zo da hari irin nasa. Sai ya tura c4, ya kai giwayensa g2 da b2, ya yi ta jan wasan a hankali, ya bar agogo da fargaba suna cin Karpov. Lokacin Karpov ya ƙure, ya yi asarar soja, aka ɗage wasan zuwa washegari, Kasparov ya ƙarasa shi a taku na 64. Aka tashi 12 da 12, kambu ya zauna inda yake.

Saboda haka ki buga abin da kika fi sani, sai dai ki zaɓi reshen da ke barin kaya da yawa a allo, kuma sojojin ɓangarorin biyu ba su zama hoton juna ba. In da baƙi kike kuma kina buga Kariyar Faransa, wato amsa e4 da e6 sannan d5, ki shirya wa mai cin d5 a taku na uku don ya daidaita komai. Ki kai giwa d6, doki e7, ki duba yiwuwar ɓoye sarki a ɓangaren da ba nasa ba. In ya miƙo hannu yana neman canjaras a taku na sha biyar, ki ce a ci gaba, cikin ladabi, ki rubuta takunki. Ki kuma duba jadawalin tun da dare: mai yiwuwa shi ma canjaras ba zai ishe shi ba, in haka ne kuwa shi zai buɗe miki ƙofar da kansa. Ki rubuto min yadda ta kaya, tare da takardar wasan, ko da an ci ki.